Ƙahon Damagaram

Tun da na dawo daga Damagaram ban ƙara shan shayi cikin kwanciyar hankali a teburin Ɗan'azumi ba. Da na zauna sai wani ya ce, "Haladu, ba mu labarin Faransa," don haka mutanenmu ke kiran Nijar. Na ba su ya fi sau biyar, kowane karo da irin gishirin da ya zo bakina, har jiya wani ya tuna mini cewa a labarin makon jiya raƙumi na hau, a na wannan makon kuma babur. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi sau ɗaya yadda ya faru, har da wuraren da nake tsallakewa in ina gaban jama'a.

Ni ne mai kula da ɗakin gwaje-gwaje na sakandaren garinmu, arewa da Kano. Aikina wanke kwalabe, goge tebura, da jera kaya kafin ɗalibai su shigo. Amma ina da farar riga mai aljihu uku, saboda ita rabin gari likita suke ce mini, ni kuma ban taɓa gyara wa kowa ba. Babana wanzami ne. Wannan ma ban cika faɗa ba. Tun ina shekara goma sha biyu na ajiye masa zabira na ce boko zan yi, kuma duk ranar Alhamis da yake zuwa makaranta yi wa malamai aski, sai aiki ya taso mini a cikin sito.

Shekarun nan kun san su. Layin sabulu, layin madara, layin shinkafa, ga takardar sallama daga aiki da ake kafewa kusan kowane wata. Ana cikin haka takarda ta zo cewa sufeto na tafe. Duk makarantar da ta kasa nuna ayyukan da aka lissafa, za a rufe ɗakin gwaje-gwajenta, a sallami mai kula da shi. Mai kula da shi kuwa ni ne. Malam Tijjani, malaminmu na kemistiri, ya bi lissafin da biro ɗaya bayan ɗaya, komai muna iyawa sai abu guda: tacewa da zuƙa.

Ga yadda abin yake, don masu tambaya. Tacewar da kowa ya sani ita ce ta masu koko, a zuba ƙullu a ƙyalle a jira. Mu ma haka muke yi da takarda da mazurari, in ruwan mai laka ne sai a cinye rabin darasi ana kallon ɗigo. Ta zuƙa daban ce. Akwai mazurari na tangaran mai ƙananan ramuka a gindi, a shimfiɗa masa farar takarda zagayayya, a dasa shi a bakin wata kwalba mai kauri mai ɗan hanci a wuya. Ta hancin nan ake janye iskar cikin kwalbar, sai ruwan ya faɗa ƙasa da gudu, lakar ta tsaya a sama a bushe. Mazurari muna da shi, kwalba muna da ita, takarda kuwa kwali-kwali ɗan kwangila ya jibge mana tun lokacin da ƙasa ke da daɗi. Mazuƙin iskar ne babu.

Na taka Sabon Gari kanti-kanti, kowa sai ya nuna mini kantar da babu komai. Daga ƙarshe Malam Tijjani ya tuna da yayan matarsa, Malam Isuhu, mai irin aikina a wata makaranta a Damagaram. Aka aika, amsa ta dawo: suna da mazuƙi har ya yi musu yawa, takardar tacewa ce ba su da ita, a kawo kwali guda a karɓi mazuƙi. Matsala ɗaya, iyaka a rufe take. Ni na ɗaga hannu na ce zan je, ba don jarumta ba, don dai in an zo rabon takardar sallama a tuna wanda ya tsallaka ƙasa.

Da safen da zan tafi na tarar da Baba a zaure yana wasa aska. Ya ce, "Me za ka nemo har can?"

Na ce, "Wani inji ne na kimiyya, Baba. Ba za ka gane ba."

Bai ɗago kai ba. Ya ce, "To. Allah ya kiyaye hanya."

A akori-kura na tashi, ni da kwalina da farar rigata, don na ƙudura sai Nijar ta san ma'aikaci ya shigo. Kafin mu kai Dambatta wata tsohuwa ta ɗora mini ƙafarta a cinya in duba kumburi. Wani ya zaro mini harshe. Wata ta miƙo ƙullin ƙwayoyi in faɗa mata na safe da na dare. Kowa na ce masa ya yawaita shan ruwa, aka yi ta sa mini albarka. Ina can ina likitanci, bunsurun da aka ɗaure a gefena yana nasa aikin. A Kazaure na waiwaya na tarar ya huda kwali ya cinye fakiti guda da rabi, yana kallona yana tauna. Mai bunsurun ya ce, "Likita, ba za ta yi masa illa ba ko?" Shi ma na ce ya ba shi ruwa da yawa.

Daga Daura muka nufi iyaka. Ƙofa a rufe, amma mutanen wurin gonakinsu da surukansu duk suna tsallake, don haka suna da hanyarsu. Aka haɗa ni da wani mai amalanke, Ilu, wanda zai kai wasu mata gaisuwar mutuwa. Ya dube ni daga sama har ƙasa ya ce, "Malam, cire rigar nan. Daga Daura ana hango ta." Na cire na zauna a kanta. Muka yi ta ratsa gonaki, ni ina ta tofa addu'o'in da na tanada don lokacin tsallakawa. Da na gaji na ce, "Ilu, saura nawa mu kai iyaka?"

Ya ce, "Ai mun wuce ta tun wajen waccan kukar."

Na waiwaya. Kuka ce kawai da jaki a gindinta. Karan geron wannan gefe bai bambanta da na wancan ba, sai na ji kamar an cuce ni.

Gaba kaɗan muka tarar da jandarma a inuwar gawo, yana zaune a kan benci. Matan ya yi musu ta'aziyya ya ce su wuce. Ni ya nuna kwalina. Da ya ga fararen takardu zagayayyu babu rubutu ko ɗaya, sai ya gyara zama. "Mi ne ne wannan?" Na yi bayani, bai gamsu ba, ya ce in nuna. Na naɗe takarda guda na sa a bakin kofinsa, na zuba ruwan tulunsa mai ja. Muka tsaya mu biyu muna kallo. Ɗigo ya faɗa. Can wani ya biyo. Ilu ya kwance bijimin da ke jan amalanken ya ba shi hutu. Da ruwa ya rufe gindin kofin da ƙyar, jandarma ya yi hamma ya ce, "Tahi, tahi. Mai wannan haƙurin ba ya ɓarna."

A Matamai rana ta yi sanyi, babu motar Damagaram sai gobe. Motar ma su mato suke ce mata. Ilu ya kai ni gidan wani dattijo mai saukar baƙi, Baba Mani. Ina sa ƙafa a zaure hancina ya gane wurin kafin idona: sabulun salo, kakin zuma, ruwan ɗumi. Gidan wanzami ne. Na yi tafiyar yini guda ina gudun zabira, sai ga ta a rataye daidai saman tabarmar da aka shimfiɗa mini. Dattijon yana yi wa wani ƙato ƙaho a baya. Ƙaho ɗaya ya saki zai faɗi, ban san lokacin da na cafe shi ba, na miƙa masa tsininsa a sama, babban yatsana a kan kakin.

Ya karɓa, ya daɗe yana kallon hannuna. "Ɗan gidan wa ne kai?"

Na ce, "Ni ma'aikacin kimiyya ne."

"Ban tambayi aikinka ba. Wannan riƙon ba a lakwal ake koyonsa ba." Lakwal ita ce makaranta a bakinsu.

Na ce babana hatsi yake sayarwa a Dawanau. Ya ce, "To, Allah ya ba da kasuwa," ya koma kan aikinsa. Na ji kunya har cikin ƙashina, amma ban janye maganar ba. Aka kawo tuwon gero da miyar kuka, sai wani busasshen cuku mai faɗi da na kusa barin haƙorina a jikinsa kafin a ce mini a shayi ake tsoma shi. Shayin nasu kuma a ɗan mitsitsin kofi. Na kurɓe na yi godiya zan tashi, Baba Mani ya riƙe mini riga. Ashe uku ne, kuma tsakanin na ɗaya da na biyu a wurinmu an gama cinikin akuya. Mu a teburin Ɗan'azumi kofi guda ne cike da madara, a shanye a tsaye a wuce.

Washegari da rana tsaka na sauka Damagaram. Abin da na fara gani mutane ne da burodi dogo kamar sanda a hammata, babu leda babu takarda. Abu na biyu, gari ya mutu. Kantuna a rufe, ofis a rufe, makarantar da na zo nema a rufe. Maigadi ya ce kowa ya tafi hutun rana, sai wajen la'asar. Na zauna a kan kwalina ina raya wa kaina cewa da a Kano ne da tuni an sallami kowa.

Malam Isuhu ya zo a kan keke, gajere, mai yawan dariya. Ya rungumi kwalin nan kamar an kawo masa jariri, bai ko damu da ɓarnar bunsuru ba. Ya ja aljihun tebur ya ɗauko wani ɗan bututun tagulla da bai kai tsawon tafin hannuna ba, mai ɗan hanci a gefe. Ya sa mini a hannu. Na ce, "Ina sauran?"

"Shi ke nan duka."

Ni da na taho da igiya don ɗaure inji a kan mota. Ni da na gaya wa mutanen gari su tanadi ƙarti biyu na saukewa. Ya ce a bakin famfo ake ɗaura shi, ruwa ya bi ta ciki da gudu, gudun ruwan ne ke jan iska ta hancin. Na ce a gwada. Ya murɗa famfo, famfo ya yi shiru. Ya yi dariya ya ce, "Damagaram ke nan. Sai ran da ya ga dama."

Kwana biyu muna jiran ruwa. A gidansa na sauka, matarsa na auna mini ruwan alwala a ɗan gwangwani. A nan ne bakina ya buɗe. Duk wanda ya zo gaishe da baƙo sai na ba shi labarin madatsun ruwan Kano. Na kwatanta musu Watari, yadda ake noman rani, tumatir har ya ruɓe. Na ce mu wanka biyu muke yi a yini. Suka yi ta cewa, "Kai, Nijeriya manya," ni kuma ina ƙara faɗi.

A rana ta uku da hantsi famfo ya yi tari. Malam Isuhu ya ɗaura tagullar da sauri, ya haɗa tiyo da hancin kwalba, ya zuba ruwan laka a mazurari. Abin ya ɗauki wani huci siriri, kafin in ƙifta ido ruwa ya zube ƙasa garau, laka ta kwanta a kan takarda kamar waina. Na tafa. Shi kuwa ya rufe famfo ya dube ni, karon farko babu dariya.

"Amma hwa sai ruwa mai ƙarhi. Shi ya sa mu bai amhwane mu ba. Pampon lakwal ɗinku yana da ƙarhi?"

To, ga wurin da nake tsallakewa a teburin shayi. Ɗakinmu yana da famfo takwas, kowace Litinin ni nake goge su har su yi ƙyalli. Tun da aka gina ɗakin ko ɗigo bai taɓa fitowa ba, don ɗan kwangila ya tafi bai haɗa su da komai ba. Da guga nake jawo ruwa daga rijiyar bayan aji. Duk wannan na sani. Amma kwana biyu ina cika baki a gaban mutane, ga maigadi a tsaye yana ji. Na ce, "Haba Malam, Kano fa ka ce. Mu ruwa har ya yi mana yawa."

Ya ce, "Madalla. Da ba ku da shi da na nuna maka yadda muke yi da abin hura keke in ruwa ya ɗauke."

Na ce, "Bar shi kawai, ba ma buƙata." A raina na ce ruwa ai ruwa ne, bokiti biyu sun isa.

Dawowa ba ta da labari, sai dai a Matamai na bi ta bayan kasuwa don kada in haɗu da Baba Mani. Ranar Laraba na iso gida, sufeto kuwa Litinin. Ƙartin da na ce a tanada suna jira a tasha, na zaro injin daga aljihu.

Alhamis da safe muka rufe ƙofa ni da Malam Tijjani. Na tsiyaya bokiti ta saman tagullar, ruwa ya zurara ta ƙasa salin alin, babu huci babu komai. Muka ɗora duro a kan rufi ni da maigadi, muka jawo tiyo, na kusa faɗowa, shi ma bai ja ba. Na tuna zancen keke, na aro abin hurawa na haɗa. Ban san akwai abin da ake juyawa a cikinsa ba. Na danna sau ɗaya, takarda da laka suka tashi suka sauka a gaban rigar Malam Tijjani. Ya zauna a kan kujera yana gogewa a hankali.

"Haladu, Isuhu bai tambaye ka zancen ruwa ba?"

"Ya tambaya."

"Ka ce masa me?"

Na sunkuya ina tsince takardar da ta faɗi ƙasa. Ya ci gaba da goge rigarsa, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na kama tiyon na sa a baki na zuƙa don baƙin ciki. Ruwa ya ɗan motsa, amma da na saki in yi numfashi sai iska ta koma. Ina haka, ido jajur, tiyo a baki, aka yi sallama. Na manta ranar Alhamis ce. Baba ne da zabira a kafaɗa, ya zo neman kan Malam Tijjani, ga sito can nesa da ni.

Ya dubi ruwan da ya malale ƙasa, ya dubi tagullar. "Wannan ne injin?"

Na ce shi ne.

"Me aka ce yana yi?"

Na fara bayani da Turanci-Turanci, Malam Tijjani ya katse ni. "Baba, iskar cikin kwalbar nan yake janyewa, kuma kada ta koma."

Baba ya ce, "Au, ƙaho ke nan."

Ya ajiye zabira, ya zaɓo ƙaho guda, ya nemi toshiyar roba mai rami ya cusa a faffaɗan bakin, ya liƙe gefen da kaki, ya sa tiyo. Malam Tijjani ya ce a dakata, ya sa wata kwalba da babu komai a tsakani don kada wani abu ya kai baki, ya kuma ce wannan na ruwan laka da alli ne kawai, ban da masu guba. Baba ya sa tsinin ƙahon a baki. Kumatunsa suka lotsa sau uku. Ya tura kaki da harshe ya toshe, ya cire bakinsa ya tsaya yana kallo. Ruwa ya ci gaba da zuba shi kaɗai har mazurari ya bushe.

Malam Tijjani ya miƙe tsaye. "Baba, don Allah ranar Litinin ka zo."

"Litinin ina da askin suna a ƙauye. Kuma ni ba ma'aikacinku ba ne." Ya nuna ni da haɓa. "Ga mai farar riga nan."

Juma'a, Asabar, Lahadi, a zaurenmu na yini, a kan tabarmar da na gudu na bari. Baba bai taɓa tuna mini maganar da na faɗa masa ranar tafiya ba, ko sau ɗaya, wannan kuwa ya fi duka ciwo. Abin da yake ta cewa kawai, "Ba da ƙirji ba, da kumatu. Harshe ne ƙofa, rufe kafin ka numfasa." Na haɗiye kaki ya kai sau huɗu.

Sufeton wata Hajiya ce mai tabarau, ba ta dariya. Malam Tijjani ya riga ya ba ta labarin tafiyata don ya sassauta ta. Da aka zo kan tacewa na miƙa mata tagullar da hannu biyu. Ta juya ta, ta murɗa famfon da ke kusa, ta murɗa na gaba. Ta ce, "A takardata cewa aka yi a nuna ana tacewa. Ba a ce a nuna mini tagulla ba."

Ɗalibai cike da ɗaki, dukansu 'ya'yan garinmu. Na sa hannu a aljihun farar rigata na fito da ƙaho. Wata dariya ta taso daga baya, na ji ta har tafin ƙafata. Na haɗa, na zuba ruwan laka, na rufe ido na ja sau uku, na tura kaki. Da na buɗe ido ruwa na zuba, dariya ta tsaya. Hajiya ta danna lakar da gindin bironta, ta ga a bushe take. Ta dube ni ta saman tabarau.

"A Damagaram ka koyo wannan?"

Cewa "e" ta fi sauƙi, kuma har ta zo bakina. Na ce, "A'a, ranki ya daɗe. A zauren gidanmu. Babana wanzami ne."

Ta ce, "To, ka gaishe shi," ta yi rubutu ta wuce abu na gaba. Ba a rufe ɗakin ba, har yau ni nake goge famfo takwas ɗin nan.

Tagullar kuwa Baba ya ce in ba shi. Na ɗauka wani amfani zai yi da ita. Ranar Alhamis da ta wuce, ina zaune a gefensa ina riƙe masa kwanon ruwa yana yi wa shugaban makaranta aski, sai na ga ya zaro ta daga zabira, a naɗe cikin ƙyalle, ya goge ta tana ƙyalli. Ya nuna wa malaman da ke jiran layi.

Ya ce, "Ƙahon Faransa ne. Ba ya ja sai an ba shi ruwa. Amma Haladu ne ya je har can da ƙafarsa ya kawo mini."